Wani zai sayar min da wuri a gefen layin dogo a Circle da ke Accra, in cika masa kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ƴar Mamobi ce, gwanjo nake sarowa a Kantamanto ina talla a ka, wuyana ya gaji. Wani mutum ya nuna min wuri a gefen layin dogo a Circle, ba nisa da inda motocin Kumasi ke lodi, wai in kafa tebur da lema, jirgi ya mutu tuntuni, ko ya zo ma ai direba na da ido. Na ba shi rabin kuɗin, na adashi ne, ya rubuto min rasit. Maigidana ya ce an cuce ni, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Don Allah wurin nan na waye, kuma da gaske akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata. Maigidanki ya fi ki gaskiya, kada ki ƙara wa mutumin nan ko kwabo.

Ki fara gane wurin tukuna. Circle ba wanda ya zauna ya zana shi a matsayin tasha guda, taruwa ya yi a hankali, kuma layin dogo ya riga kowa zuwa. Tun zamanin Turawa aka shimfiɗa shi daga tashar da ke jikin Kantamanto, saboda koko, ya kai Nsawam a 1910 ya kai Kumasi a 1923, sannan a 1954 aka ja reshe daga Achimota zuwa Tema. Su tashoshin motar Neoplan da VIP da dubban trotro, wato ƙananan motocin haya, duk daga baya suka zo, sun bi jama'a ne, don nan Ring Road ta haɗu da hanyar Nsawam. Gadojin sama da aka buɗe a 2016 motoci aka yi wa, ƙasa kuwa tana nan yadda take, ga kwatar Odaw ga layi ga tashoshi duk a cushe a kwari ɗaya, shi ya sa da an yi ruwa mai ƙarfi wurin ke cika. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya ji ƙan musulmi. To filin da ke dama da hagun layin na gwamnati ne, yana hannun hukumar jirgin ƙasa, ba na sarki ba ne ba na ciyaman ɗin tasha ba ne balle wani mai littafin rasit na sidi biyar. Ranar da aka zo da jan fenti aka yi wa teburinki alama ba za ki gan shi ba.

Amma wallahi ba kuɗin ne ya fi ɓata min rai ba, wannan magana ce ta wai direba na da ido. Na gaji da jin ta, na ji ta a bakin kayaye masu dako na ji ta a bakin masu digiri. Eh yana da ido, me zai yi da shi? Jirgi ba shi da sitiyari, ba ya kaucewa, inda ƙarfe ya nufa nan zai bi. Birki kuma ba irin na trotro ba ne da yaron mota zai buga ƙofa direba ya tsaya nan take, can roba ce a kan kwalta tana kamawa, nan ƙarfe ne a kan ƙarfe, ga nauyin kan jirgi ga taragai suna turo shi ta baya, direba ya matse birki gaba ɗaya ƙafafun su kulle ya ci gaba da sulalewa, in yana da gudu sai ya ci ɗaruruwan mita kafin ya tsaya, in an yi yayyafi ko an zubar da ruwan wanke-wanke da mai a kan layin abin ya fi haka. Yana kallon ki yana danna ham, iyakarsa ke nan. A Afrilun 2024 sabon jirgi dal da ake gwadawa a layin Tema zuwa Mpakadan ya daki babbar mota da aka bari a kan layi, mota sukutum fa, ba tebur ba.

Sai kuma masu cewa ai ba a kan layi nake ba, a gefe nake. Tsakanin ƙarafan nan biyu milimita 1,067 ne, mita ɗaya da ɗan kai, amma jikin tarago ya ninka haka har da ƙari, wato yana leƙowa waje ta kowane gefe. Na sha tsayawa ina kallon mata in an ji ham, wannan ta ja buhu wannan ta naɗe tabarma, ana dariya kamar wasa, sai ƙarfen tarago ya kama bakin lema ya fizge ta da tebur da komai. To in goyo ne a bayanki fa, ko yaro ya rarrafa ya bi ƙwallo?

Batun wai jirgi ya mutu, gaskiya ne ana daɗewa ba a gan shi ba, a dakatar a gyara a dawo a sake dakatarwa, mu da muka yi aikin mun fi kowa jin takaici. Sai dai layin da ba a tumɓuke ba ba matacce ba ne, kuma wanda jirgi ke bi kullum ya fi aminci, don kowa ya san lokacinsa. Wanda aka yi wata shida shiru shi ne abin tsoro, rana ɗaya a turo kan jirgi ko motar duba layi ba sanarwa, ga jiniya ga lasifikar masu wa'azi ga masu kiran Kumasi Kumasi, wa zai ji?

Gobe da safe ki ɗauki rasit ɗin, ku tafi da maigidanki da wani dattijo na unguwa a matsayin shaida, ku ce ya nuna takardar da hukumar jirgin ƙasa ta ba shi. Ba zai iya ba. In ya ƙi maido da kuɗin ku wuce ofishin ƴan sanda, kuma kada ki je ke kaɗai.