Mai keke da direba a Ingila: wa ke da gaskiya?

Malam, ka tambaya ko mai keke a Ingila yana bukatar lasisi, tunda direbobi sun dame ka da hon. Ba ya bukata, kuma ba a tilasta masa inshora. Abin da ke ci wa direbobi tuwo a ƙwarya ke nan: sun sha jarrabawa, kai ko oho.

Amma tun Janairun 2022 ƙa'idar hanya ta ce mai mota ya bar maka aƙalla mita 1.5 in zai wuce ka. A siririn titi ma kana iya hawa tsakiya. Sai dai wallahi wasu 'yan keke na ƙetare jar danja, su jawo mana zagi. Da dare ka kunna fitilu, farar fitila a gaba, jar fitila a baya. Wannan doka ce.