Me ya sa manhajar banki ke ƙin gane ni?

Malam, ka ce manhajar na sake tambayarka lambar sirri in kana bisa kabu-kabu zuwa babbar kasuwar Maraɗi. Wasu manhajoji suna koyon hannunka ne: saurin latsa haruffa, tsawon jan yatsa bisa gilashi, da karkatar wayar a tafinka. Girgizar babur na ɓata wannan awo, sai manhajar ta ɗauka wani ne. Tsagaggen gilashi ko jiƙaƙƙen yatsa ma haka.

Ka sauka ka tsaya kafin ka tura kuɗi. Kada ka ba yara su buɗe ta, salonsu zai gauraya da naka. In ta rufe asusun, je reshen bankin da katin shaidarka, kar ka faɗa wa mai kiran waya lambarka ta sirri.