Yadda Ake Hana Kwamfuta Yawan Tambaya Kafin Goge Fayil ko Sauya Masa Wuri

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Kwamfutar tebur nake aiki da ita, mai Windows 10. Duk fayil ɗin da zan goge sai ta tsayar da ni tana tambaya ko na tabbata, haka ma wani lokaci in zan mayar da fayil wata folda. Abin yana cinye mini lokaci. Yaya zan kashe wannan tambayar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ta gogewa ba ta da wuya. Je kan kwandon shara da ke fuskar kwamfutar, wato Recycle Bin, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties. Can ƙasa akwai ɗan akwati da aka rubuta "Display delete confirmation dialog". Cire makin da ke ciki, ka danna OK. Haka yake a Windows 11 ma. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, a kashe wannan tambayar take zuwa, don haka wataƙila wani ne ya kunna maka ita.

Kafin ka rufe wannan tagar, duba sama kaɗan. Akwai zaɓin da ya fara da "Don't move files to the Recycle Bin". Kada ka kuskura ka zaɓe shi tare da kashe tambayar. In ka haɗa biyun, yatsanka na taɓa Delete fayil ya tafi, babu tambaya, babu kwandon da zai tare shi. Kashe tambayar ba shi da haɗari ne kawai saboda kwandon na nan, kuma Ctrl da Z suna dawo da abin da ka goge yanzu-yanzu. Kowace ma'ajiya, C ko D, da nata saitin kwandon, sai ka duba su ɗaya bayan ɗaya.

Idan akwatin ya yi fari-fari ya ƙi dannuwa, galibi mai kula da kwamfutocin ofis ne ya kulle shi ta Group Policy, wato tsarin da ake ɗora wa kwamfutoci dokoki da shi. Shi za ka nema.

Ko bayan ka kashe, za ta ci gaba da tambayarka a wurare uku: in ka haɗa Shift da Delete, in kana gogewa daga filasha ko foldar da ke wata kwamfuta, da kuma in fayil ya fi ƙarfin kwandon. A duka ukun gogewa ce ta dindindin, shi ya sa. Ni dai ba na ba da shawarar neman dabarar kauce musu.

Batun sauya wuri kuwa, babu maɓalli guda da ke kashe shi, domin ba tambaya ɗaya ba ce. Sai ka karanta abin da ta rubuto. Idan ta ce akwai fayil mai irin wannan sunan, tana jiran ka zaɓi a maye gurbinsa ko a tsallake ne, kuma wanda aka maye gurbinsa ba ya shiga kwando. Idan izinin mai kula take nema, to ka nufi folda mai kariya ce kamar Program Files. Gara ka ajiye kayanka a Documents da ka sassauta tsaron kwamfutar baki ɗaya.

Akwai guda da ake iya kashewa: tambayar haɗe folda biyu masu suna ɗaya. Buɗe File Explorer Options, ka shiga View, ka sa maki a "Hide folder merge conflicts".

Tambaya: Ni Mac nake amfani da ita. Tambayar da ke fitowa in zan zubar da shara fa?

Amsa: Buɗe Finder, ka shiga Settings, ko Preferences a tsofaffin macOS, sannan Advanced, ka cire makin "Show warning before emptying the Trash". Amma ka lura, wannan tambayar a ƙofar ƙarshe take, abin da ya wuce ta ba ya dawowa sai in kana da kwafi a Time Machine, manhajar Mac da ke ajiye kwafin fayiloli. In sau ɗaya kawai kake son tsallake ta, riƙe Option, Shift da Command ka danna Delete.