Amsa kan katin Costco ga gida mai mutum biyu ko uku

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce daga ke sai maigidanki da ɗanku mai shekara biyu kuke zaune a gidan haya a nan Amurka, kina kuma tambaya ko biyan kuɗin katin shiga Costco ko Sam's Club, manyan shagunan sari da ake biyan kuɗin kati duk shekara kafin a yi sayayya a cikinsu, zai amfane ku, ko kuwa abu ne na masu iyali da yawa. Mu ma gidanmu ƙarami ne, kuma mun daɗe da katin, don haka zan faɗi abin da na gani.

A ganina, yawan mutanen gida ba shi ne ke yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne ko kuna da mota, ko kuna da wurin ajiya, da kuma irin kayan da kuka fi kashe wa kuɗi. Tun daga watan Satumba na 2024 ƙaramin katin Costco dala 65 ne a shekara, babban kuma dala 130, sannan ana ba da kati na biyu kyauta ga wanda ke zaune a adireshi ɗaya da mai katin, wato ke da maigida kuɗi ɗaya za ku biya. Sam's Club, wanda mallakar Walmart ne, kuɗinsa ya ɗan fi sauƙi. Tambayar ita ce ko ragin da za ku samu a shekara zai haura wannan kuɗin.

Man fetur ne ya fi saurin mayar da kuɗin kati. A ɗauka, a matsayin misali, cewa galan a gidan man Costco ya fi na gidan man unguwarku araha da senti 20, kuma motarku tana shan galan 10 a mako; dala 2 ke nan a mako, fiye da dala 100 a shekara, tun kafin ki taka cikin shagon. Amma sai idan reshen yana sayar da mai kuma yana kan hanyarku, domin in za a yi tafiyar rabin awa a kuma tsaya a dogon layi, ribar ta tafi a hanya. Wanda ke unguwar Bronx a birnin New York ba shi da mota kuwa, in ya je reshen da ke East Harlem ya haɗa da kuɗin tasin da zai kwaso masa kaya, da wuya lissafin ya fita.

Bayan mai sai kayan da ba sa lalacewa: buhun shinkafa, man girki, sukari, garin fulawa, omo, tishu, da famfas na yaro. Tunda kina da ɗan shekara biyu, famfas da tsumman goge jiki kaɗai suna iya biyan rabin katin ko fiye. Abin kamar sayen buhun gero ne a Dawanau maimakon awon mudu-mudu a bakin layi, yana da riba ga wanda ke da inda zai jingine buhun. Ki riƙa duba ƙananan rubutun da ke jikin takardar farashi, inda ake nuna kuɗin guda ɗaya ko na awo ɗaya, ki kwatanta da na Aldi ko Lidl ko Walmart, waɗanda ba sa karɓar kuɗin shiga. Sau da yawa bambancin ba shi da yawa, wani lokaci ma can ya fi araha.

Inda ƙaramin gida ke yin asara shi ne kayan miya da 'ya'yan itace. Babbar robar alayyafo tana fara ruwa a ƙasanta kafin a ci rabi, buhun albasa kuma a ɗakin da ake kunna na'urar ɗumama lokacin sanyi yakan tsiro ya yi laushi. Idan ba ki da firiza ta daban, wadda ba ta saman firij ba, ki bar tumatir da tattasai da burodi a ƙananan shaguna. Idan kina da ita, lamarin ya sauya, domin kina iya markaɗa kayan miya ki ƙulla a leda daidai tukunya ɗaya-ɗaya. Batun nama kuma, ana samun naman rago da ake kawowa daga Ostareliya ko New Zealand mai tambarin halal, amma ki duba jikin kowace leda da idonki, kada ki dogara da abin da wata ta gani a wani reshe. Kuka da daddawa da manja da garin tuwo dai suna nan a shagunan 'yan Afirka, katin ba zai raba ki da su ba.

Akwai kuma sayen abin da ba a yi niyya ba, wanda nake ganin ya fi kuɗin katin cin aljihu. Komai a shagon babba ne, abu biyar ko shida sun isa su kai dala 100, don haka ki rubuta abin da za ki saya tun daga gida. Mu abin da ya fi yi mana amfani shi ne haɗa kai da maƙwabciya, a sayo kaya tare a raba a kuma raba kuɗin, sai dai mai katin ce za ta biya a wurin, saboda ana duba hoton da ke kan kati.

Babban katin ba na ba ki shawararsa yanzu. Yana mayar da kashi 2 cikin ɗari na abin da aka saya, ban da man fetur, wato sai kun kashe dala 3,250 a shekara kafin ƙarin dala 65 ɗin ya dawo. Ki fara da ƙaramin, ki ajiye rasit na wata uku ko huɗu ki kwatanta da abin da kika saba kashewa. Costco suna mayar da kuɗin kati ga wanda ya ce bai gamsu ba, in kin ga bai fitar da ku ba sai ki je teburin rajista ki soke shi.