Hukuncin ƙirƙirar jarumi mai gudun walƙiya a wasan tebur

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Akoka a Legas, gidanmu yana Agege. Akwai wani wasa da muke yi da abokaina duk daren Asabar a Yaba, muna zagaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kuma kowa da jaruminsa da ya ƙirƙira a takarda, shi zai faɗi abin da jarumin zai yi. Ni nawa mai gudu ne, ya fi sauti sauri, kuma abokina ya ce in rubuta cewa Hermes na Girkawa ne ya ba shi gudun. To wani ustazu a unguwarmu ya ce min duk abin ƙarya ce kuma kishiyantar Allah ne wajen halitta. Mu dai ko sisi ba ma sawa, dayis, wato irin abin da ake jefawa a ludo amma mai fuska 20, kawai muke jefawa a ga ko abin da jarumi ya yi niyya ya yiwu. Malam ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya, da yawa sa'anninka ba sa tsayawa.

Abin da ya tayar maka da hankali shi ne mai sauƙin. Labarin da mai faɗa da mai ji duk sun san ƙagagge ne ba ƙarya ba ne, da ita ce da kakanninmu ba su yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba, kuma rubuta suna da siffa a takarda ba halitta ba ce. Ka ba shi gudun da ka ga dama. Hermes kuwa ka goge shi, abin bautar Girkawa ne, Rumawa suna kiran nasu Mercury, kuma ba a danganta wa gunki ba da baiwa ko da wasa, wannan babu saɓani. Ka ce wani sinadari ne ya zube masa, ko da shi aka haife shi, shikenan.

Inda maganar take shi ne abin da ka sako a ƙarshe kamar ba komai, wato dayis ɗin nan. Na lura sai da ka fara cewa ba kwa sa kuɗi, alamar ka taɓa jin masu cewa in dai babu caca babu laifi, kuma maganar ta yaɗu sosai a wajen 'yan ludo, tun daga rumfunan Mile 12 har Idi-Araba. Ni ban gamsu da ita ba. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim da ya yi hani ga nardu, wato wani tsohon wasan allo da ake yi da jefa dayis, ka san shi, ka sake duba shi babu inda aka ambaci kuɗi a ciki, kuma ita caca ai Alƙur'ani ya riga ya haramta ta da kowane abu aka yi ta, ko da ƙwallo ko da tseren keke, to da kuɗin ne kaɗai illar me zai sa a ware nardu da sunansa? Sannan ka duba yadda sahabbai suka fahimci abin, a Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo cewa Abdullahi ɗan Umar in ya samu wani a iyalinsa yana nardu sai ya doke shi ya fasa abin wasan, Nana A'isha kuma da ta ji wasu da ke zaune a gidanta suna da shi sai ta aika musu ko su fitar da shi ko ta fitar da su, babu wanda a cikinsu aka ce ya tsaya tambayar ko an sa kuɗi. Eh, an ruwaito sassauci daga Sa'idu bin Musayyib idan babu caca, kuma Abu Ishaƙ al-Marwazi cikin Shafi'awa ya tsaya a kan karhanci, ban ɓoye maka ba, amma jumhurun malaman mazhabobi huɗu a kan haramci suke, kuma da nassi a hannunsu.

Za ka ce min naku ba nardu ba ne, ba allo, ba wanda ya ci wani, labari ne kawai. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da kake da ita kuma akwai malaman zamani da suka sassauta saboda ita, shi ya sa ba zan ce kun yi daidai da mai nardu sak ba. Amma malaman Shafi'iyya sun ajiye ƙa'ida mai kyau, wasan da ya dogara da tunani da lissafi ana riskar da shi da shaɗaranji, wato wasan chess, wanda ya dogara da sa'a da kirdado ana riskar da shi da nardu. To kai da bakinka ka ce jaruminka zai ruga ya ciro yaro daga gaban danfo, wato motar haya, ka tsara komai, sannan ka jefa, in 3 ta fito yaron ya tafi, in 18 ce ya tsira. Tunaninka ne ya yanke ko jifar? Abin da nake gani shi ne ku bar dayis ɗin. Kuma kada wani ya ce to sai mu sa manhajar waya ta riƙa fitar mana da lamba, jifar ce dai aka sauya mata riga.

Mafita tana nan, ba sai kun watse ba. A 2003 kamfanin Marvel ya fitar da wasan jarumai irin naku wanda babu dayis a cikinsa sam, duwatsu ake ba kowa a matsayin ƙarfinsa, kai za ka raba nawa za ka kashe a gudu nawa za ka ajiye don kare kai, mai ba da labari ya gwada da wahalar aikin. Ku kwaikwayi wannan ko da ƙwayar wake ce. Mai gudu ma ya fi dacewa da wannan tsarin, domin in ya zuba ƙarfinsa duka a tsere ɗaya daga Ikeja zuwa Obalende to sai ya zauna yana haki, ya nemi abinci, abokansa su rufa masa.

Kuma ina so ka bar masa wannan gajiyar. Kada ka ba shi sanin gaibu, ko ta da matattu, ko gudun da zai koma jiya ya sauya abin da Allah ya ƙaddara, marubutan Amurka suna yawan kai masu gudunsu can, kai ka tsaya inda ɗan Adam yake. In kana neman wanda za ka ɗauki hali a wurinsa ka karanta labarin Salamatu bin Akwa'u ranar Zu Ƙarad, da ƙafa ya bi mahayan da suka kore raƙuman Annabi sallallahu alaihi wa sallam yana harbinsu da kibiya har ya ƙwato su. Halinsa za ka ɗauka, amma kada ka sa shi kansa sahabin a wasa wani ya riƙa magana da bakinsa. 'Yan mutum-mutumin roba da ake jerawa a tebur su ma ku bar su, marfin kwalba ya isa.

Sai daren Asabar ɗin nan. Daga Yaba zuwa Agege da dare ba kusa ba ne, ga goslo, ga halin hanya, iyayenka suna zaune suna jiran ƙarar ƙofa. Ku mayar da zaman bayan La'asar, in an kira Magariba ka miƙe ko da ana tsakiyar faɗa a labarin, abokanka waɗanda ba Musulmi ba za su saba kuma za su girmama ka. In sati ya zo da jarabawa ka ajiye jarumin. Ustazun unguwarku kuma kada ka je kana cewa Malam ya ƙaryata shi, tsoro ya ji maka, ka gaishe shi da kyau ka gaya masa an cire gunkin an cire dayis.

Wallahu a'alam.