An Mankaɗa Shi: Sarar 'Yan Kurket a Kunnen Bahaushe

Wata ɗaliba da ke karatun haɗa magunguna a Indiya ta aiko da wannan: "Malam, a ɗakin kwananmu idan wata ta sulale daga aji kafin a tashi, malami ya kama ta a bakin ƙofa, sai ƙawayena su fashe da dariya su ce an yi mata 'Mankad'. Na tambaya, aka ce daga wasan kurket ne. Mece ce ma'anarta, kuma Hausa tana da irin wannan?"

'Yata, kalmar nan sunan mutum ce. Amma kafin ki gane abin dariyar sai kin ɗan leƙa filin. A kurket kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana kafa turaku uku a nan, uku a can, tsakaninsu yadi 22. Masu bugu biyu ne ke tsaye, ɗaya a kowane gefe. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya jefa wa na can ƙwallo, shi kuwa na gefen mai jifa yana jira a buga su yi musayar wuri, don kowace musaya maki ɗaya ce. To ɗan Adam da son banza, wannan mai jiran yakan fara satar taku tun ƙwallo ba ta bar hannun mai jifa ba, don tafiyar ta yi masa gajarta. Idan mai jifa ya lura, sai ya fasa jifan, ya juyo ya taɓa turakun da ƙwallo. Shi ke nan, ɓarawon taku ya fita.

Abin da Vinoo Mankad na Indiya ya yi wa Bill Brown na Ostireliya ke nan a birnin Sidni, a watan Disamba na 1947. Kuma ba ranar aka fara ba. A wani wasa kafin wannan Mankad ya ja masa kunne, Brown ya sake, ya fitar da shi. Da aka zo babban wasa ya ƙara maimaitawa, Mankad bai tsaya wani gargaɗi ba. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Jaridu suka yi ca, sunan Mankad ya manne wa abin, har Turawa suka yi masa ɗafin aikatau suna cewa "mankading". Don Bradman, kyaftin ɗin Ostireliya na lokacin, shi da kansa ya kare Mankad, ya ce doka ce ta ba shi dama. Duk da haka shekara da shekaru kalmar tana ɗauke da warin rashin dattako.

Nan ne nake ganin rashin adalcin harshe. Wanda ya yi satar taku sunansa ya tsira, wanda ya kama shi ne aka bari da tabo. Sunil Gavaskar, tsohon gwanin Indiya, ya sha cewa idan dole sai an raɗa wa abin sunan wani, to na Brown ya kamata a sa. Gaskiyarsa. Mankad fa ba ƙaramin ɗan wasa ba ne: a 1956 shi da Pankaj Roy suka tara maki 413 a buɗe wasa da Niyu Zilan, bajintar da ta shekara 52 ba a karya ba. Amma tambayi yaron da ke kallon kurket yau, abin da ya sani game da sunan shi ne juyowar nan a taɓa turaku. Rigimar ma ba ta mutu ba. An tayar da ita a 2019 da Ashwin ya yi wa Jos Buttler, an sake a 2022 da Deepti Sharma ta yi wa Charlie Dean a filin Lord's na Landan. A watan Oktoban 2022 ɗin ne masu rubuta dokokin wasan suka cire abin daga babin rashin da'a suka mayar da shi cikin hanyoyin fitarwa na yau da kullum.

Ko Hausa tana da irinsa? Ƙwarai kuwa. Masana suna kiran irin waɗannan kalmomi na yayi da raha "sara" (ba saran gatari ba, wanda karin magana ta ce shi da sassaƙa ba sa hana gamji toho). Kuma mayar da suna kalma tsohuwar sana'armu ce. Wanda ya cika zalunci muna cewa yana fir'aunanci. Takardar naira ashirin Murtala ce, ko Muri a bakin 'yan tasha, saboda hoton Janar Murtala Muhammed da ke jikinta. Tsofaffin ma'aikata har yau suna tuna Udoji, ƙarin albashin 1974 wanda ya ci sunan shugaban kwamitin da ya ba da shawararsa, Jerome Udoji. Keke mai ƙafa uku a Kano ya gaji sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, A Daidaita Sahu, kuma yaron da ke tare shi a Ƙofar Nasarawa yau bai san akwai wani shiri ba, shi dai abin hawa ya sani.

Abin da ya ba ni dariya da na karanta wasiƙarki shi ne yadda sunan ya zauna daram a bakin Bahaushe. Muna da hankaɗa, muna da bankaɗa. Sa masa ƙugiya kawai: mankaɗa. An mankaɗa ta a bakin ƙofa. Malam ya mankaɗe su duka. Wanda bai taɓa ganin sandar kurket ba zai rantse tsohuwar Hausa ce, har ya ce ya ji ta a bakin kakarsa.

Wani mai gidan kallon ƙwallo a Zariya ya ce: "Allah ya gafarta Malam, gardama ta kaure a wurina. Wasu sun ce 'hat-trick' kalmar ƙwallon ƙafa ce tun asali, ni na ce na ji an ce aro ce. Kuma mece ce Hausarta?"

Kai ne da gaskiya, ɗan'uwa, je ka karɓi kuɗin shayinka. Daga kurket aka aro ta. A 1858, a garin Shafil na Ingila, wani mai jifa mai suna H. H. Stephenson ya fitar da mutum uku da jifa uku a jere. 'Yan kallo suka yi karo-karo aka saya masa hula. Rabin farko na kalmar hula ke nan, rabin na biyu dabara ko siddabaru. Wato bajintar cin hula. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu da ke cire hula ko riga mu miƙa wa makaɗi idan ya taɓo mu. Lura da bambanci ɗaya: a kurket sai ukun sun zo a jere ba tsallake, amma a ƙwallon ƙafa ko ɗaya a minti na biyar, ɗaya a na tamanin, duk an lissafa.

Hausarta kuwa an riga an yi, masu labarin wasanni a rediyo suna cewa ya ci uku rigis. Na fi son wannan da aron. "Rigis" amsa-kama ce, kana jin ta ka ji abu ya cika ya zube a gabanka. Haka muka yi da kunnen doki, da canjaras, da biyu da nema, da ɗaya mai ban haushi. Babu kwamitin da ya zauna a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Tunda kai mutumin ƙwallo ne, ga wata da za ta yi maka daɗi. Abin da yaran unguwa ke kira osi, wato zura wa mutum ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, Turawa suna ce masa "nutmeg". A gasar kurket ta kofin duniya ta mata ta 2017, Nat Sciver ta Ingila ta riƙa buga ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunta ita kanta, sai aka haɗa sunanta da waccan kalma aka samu "Natmeg". Ka ga bashin hula da ƙwallon ƙafa ta ci, kurket ta zo ta karɓi abinta.

Tambaya ta uku daga wani direban babbar mota ce, wanda ya ce a wani masauki ya ga ana nuna wasan, mutum ya fito kansa a sunkuye, sai ga zanen agwagwa tana bin sa a ƙasan allo tana kuka. Ya ce me ya haɗa agwagwa da wasa?

Ƙwanta ne ya haɗa su. Wanda aka fitar bai ci ko maki ɗaya ba, sifili ake rubuta masa, sifili kuwa kamar ƙwan agwagwa yake. Da tafiya ta yi tafiya aka yar da ƙwan aka riƙe uwar. Idan jifan farko ne ya fitar da kai, agwagwarka ta zinariya ce, kamar dai a ce an yi maka naɗin sarautar tashi a tutar babu. Agwagwar da ta fi kowace suna ita ce ta Bradman ɗin nan da na ambata. A wasansa na ƙarshe a Landan, 1948, maki 4 kacal yake nema matsakaicin makinsa ya cika 100 cif. Jifa na biyu Eric Hollies ya tarwatsa masa turaku. Ya yi ritaya da 99.94.

Daga nan ne zolaya ke yin rassa. Mark Waugh na Ostireliya ya jera sifili huɗu a Siri Lanka a 1992, abokan wasansa suka sa masa Audi, don tambarin motar zobba huɗu ne a jere. Kai direba ne, ba sai na zana maka ba. Ajit Agarkar na Indiya ya jera biyar a Ostireliya tsakanin 1999 da 2000, aka kira shi Agwagwar Bambai, saboda shi mutumin birnin ne, kuma akwai wani abinci mai wannan suna a can wanda a zahiri kifi ne. Zambo mai hawa biyu ke nan. Sai ga shi a 2002 ya ci maki sama da ɗari a filin Lord's, abin da manyan gwanaye da dama suka yi ritaya ba su samu ba. Sunan dai bai sake shi ba.

Akwai kuma zomo, wato wanda bai iya bugu ba sam, ko wanda wani mai jifa ɗaya ya mayar abincinsa. Glenn McGrath ya fitar da Mike Atherton sau 19, don haka Atherton zomonsa ne. Wanda ya fi zomo lalacewa kuma sai a kira shi da sunan wata dabba mai kama da tunku da mafarautan Turai ke sakawa a rami, wai don ita ce ke shiga bayan zomaye. 'Yan dambenmu da ke cewa wane ya kashe wane alhali mamacin ya tashi yana kakkaɓe ƙura, za su gane wannan barkwanci ba sai an yi musu tafinta ba.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya tambaya a taƙaice: idan za a rubuta labarin kurket da Hausa, a fassara waɗannan kalmomi ne ko a bar su?

Malam, ya danganta da abin da ke riƙe da kalmar. Wadda hoto ne ke riƙe da ita, kamar agwagwa da zomo, fassara ta, za ta rayu. Wadda sautin Turanci ne ke riƙe da ita, ƙyale ta. Misali, mai jifan da ya fitar da mutum biyar sai a ce ya samu "Michelle", don yadda suke faɗin biyar ɗin ya yi kama da sunan mahaifin 'yar fim Michelle Pfeiffer. Wannan zaurance ne nasu, idan ka fassara ya mutu a hannunka. Haka "doosra", jifan yaudara da Saqlain Mushtaq na Pakistan ya shahara da shi: da Urdu ma'anarta "ɗayar" ko "ta biyu", kuma ana ba da labarin cewa mai tsaron bayansa (wato mai cafe ƙwallo a bayan turaku) Moin Khan ne ke ƙwala masa ita don masu bugu baƙi kada su gane. A bar ta yadda take.

Sai rukuni na uku, inda Hausa ke da nata ƙirar. Tillakaratne Dilshan na Siri Lanka ya fito da wani bugu a 2009: ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya tara sanda, ya ɗebo ƙwallo ta bi ta saman kansa da na mai tsaron baya. Suka ce "Dilscoop". Duk wanda ya ga mace tana kwasar tuwo da mara ya san hannun nan, don haka ni kwasar Dilshan zan rubuta. Salon kai farmaki ba ji ba gani da Ingila ta ɗauka tun da Brendon McCullum, mai laƙabin Baz, ya zama kocinta a 2022, an sa masa "Bazball", har ƙamus ɗin Collins ya shigar da ita a 2023, ko da yake shi mai sunan ba ya son ta. Mu da muka yi Kwankwasiyya da Buhariyya ba ma bukatar aron komai a nan. Rubuta Baziyya, ka kira mabiyanta 'yan Baziyya, ka karanta wa 'yan ajinka ka ga ko akwai wanda zai nemi ƙarin bayani.