Amsoshin Wasiƙunku: Difilomar Koyarwa, Kuɗinta da Makarantar Gwaji

Yawancin wasiƙun wannan makon a kan abu ɗaya suka zo, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, wadda muka fi sani da PGDE. Na zaɓi biyar. Wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, wataƙila amsarsa tana cikin ta wani.

Malam, Kemistiri na karanta. Shekara uku ke nan da gama bautar ƙasa, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Mai makarantar ya ce ko in nemo PGDE ko ya nemi wani. Dole ne? A ina zan yi? Daga wani malami a Gusau.

Ƙanena, in dai koyarwa ka riƙa sana'a, dole ne, kuma mai makarantarku bai zalunce ka ba. Digirinka ya ba ka abin da za ka koyar, amma bai nuna maka yadda ake sa shi a kan yaro ɗan shekara goma sha huɗu ba. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ba ta yi wa mutum rajista sai yana da takardar fannin ilimi: NCE, ko digirin ilimi, ko kuma wani digirin haɗe da difilomar koyarwa. Tun 2017 kuma sai ka zauna jarrabawarta ta kwamfuta kafin a ba ka lasisi. Da PGDE za ka shiga rukunin C na rajistar hukumar, tare da masu digirin ilimi.

Wurin yi yana da yawa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo duk suna yi. Akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN. Akwai kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, wadda tun 1976 aikinta ke nan, horar da malamin da ke bakin aiki, tana da ofisoshi a jihohi, karatunta kuma a ƙarshen mako ake haɗuwa. Mai aiki irinka, ita ko NOUN zan fara dubawa. Ka tanadi kwalin digiri, takardar gama bautar ƙasa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi. In za a nemi takardar bayanin sakamakonka daga tsohuwar jami'arka, fara bin ta tun yau, don ita ce ke cinye wa mutane gurbi.

Nawa ne kuɗin gaba ɗaya? Abokina ya ce ba shi da yawa. Daga Azare.

Yaushe abokin naka ya yi? Kai da kanka ka san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma makarantu ba su zauna a tsohon farashi ba. Buɗe sanarwar bana ta makarantar da kake so, ita ce shaida. Kuskuren da nake gani kullum shi ne mutum ya lissafa kuɗin zango kawai. Ina kuɗin fom? Ina na karɓar gurbi? Ga na koyarwar gwaji, wato makonnin da ake tura ɗalibi wata makaranta ya koyar ana duba shi, ga buga kundin bincike da ɗaure shi, ga kuɗin mota duk Asabar na shekara guda ko fiye, sannan in an gama ga jarrabawar TRCN da rajista da lasisi, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku. Rubuta su duka a takarda. In ba ka da aƙalla kuɗin zangon farko a hannu da hanyar samun na biyu, jinkirta zuwa baɗi ka shiga adashi. Kada ka kuskura ka ci bashin manhajojin waya saboda wannan karatu. Albashin malami ba ya ɗaukar ruwan da suke ɗorawa.

Malam, wani mutum a shagon intanet ya ce in ba shi naira dubu 180 a asusunsa, zai samo mini gurbi, ba sai na je aji ba, koyarwar gwajin ma za a sa mini hannu kawai. Ya ce mutane da yawa sun yi haka. Wace shawara za ka ba ni? Daga Kano.

Raina ya ɓaci da na karanta wasiƙar nan, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ba shawara kake nema ba, so kake in ce maka je ka, ba komai. To, akwai komai.

Bari mu fara da kuɗinka, tunda shi ya fi damunka. Makarantun gwamnatin tarayya ta Remita ake biyansu. Kai ne za ka shiga shafin makarantar, ka cika bayananka, a fitar maka da lambar biya ɗauke da sunanka da sunan makarantar, ka kai banki ko ka biya da katinka, ka ajiye rasit. Duk wanda ya miƙo maka lambar asusunsa na kansa, ko ya ce "turo ta Opay, ni zan ƙarasa", to ba makaranta kake biya ba, mutum kake biya. Ranar da ya kashe waya ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ko da a shagon intanet za ka cika fom, zauna kusa da yaron ka ga abin da yake rubutawa, a sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba na shagon ba. Na sha ganin wanda aka ba gurbi bai sani ba har wa'adi ya wuce, saboda saƙon yana can cikin imel ɗin mai shago.

Sai takardar kanta. Ko dai ta bogi ce ɗungurungum, an buga ta a wani lungu, ko kuma ta wata "cibiya" ce da ta kama hayar azuzuwa biyu ta liƙa allo tana cewa tana da alaƙa da jami'a kaza. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta daɗe tana fitar da jerin irin waɗannan wurare na bogi. Kafin ka ba kowace cibiya sisi, je ka uwar makarantar da ƙafarka, ko ofishin TRCN na jiharku, ka tambaya ko sun san da ita. Gani ya kori ji. Ka tuna ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma mutane da yawa da suka kashe kuɗinsu suka wayi gari da takarda mara amfani. Su ma an ce musu mutane da yawa sun yi haka.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar sa hannu a koyarwar gwaji. Na yi shekaru ina zagayen duba ɗalibai a makarantun da aka tura su. Wata rana na isa wata ƙaramar sakandare a bayan gari, da sassafe, ban sanar ba. Littafin zuwa aiki ya nuna ɗalibina bai taɓa fashi ba, sa hannunsa reras har na mako huɗu, duk da biro ɗaya. Na shiga aji biyu inda aka ce shi ke koyar da Lissafi. Yara sun fi saba'in, wasu a kan tabarma, wasu a bakin taga. Na ambaci sunansa, suka kalli juna. Wata yarinya a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tun da aka dawo hutu ba a yi mana Lissafi ba." Na buɗe littafinta, shafi ɗaya ne da rubutu, sauran fari fat. Shugaban makarantar ya ɗauke wa malaminsu na asali darasin saboda an kawo ɗan gwaji, ɗan gwajin kuma yana can kasuwa yana harkarsa. Yaran nan su suka biya kuɗin wannan sa hannun, kuma ba a tambaye su ba.

Karatun PGDE duka, tarihin ilimi ne, halayyar yara ne, tsarin manhaja ne, auna fahimta ne, za ka iya haddacewa ka zuba a takardar jarrabawa. Makonnin nan na tsayuwa gaban allo su kaɗai ne ba a haddace su. A nan za ka gane cewa darasin da ka tsara na minti arba'in ya ƙare a minti goma sha biyar, ko kuma an buga ƙararrawa kana gabatarwa. A nan za ka koyi juyawa ka yi rubutu ba tare da aji ya zama kasuwa ba. Wanda ya tsallake wannan, ranar tonon asiri tana jiransa. A 2017 an yi wa malaman firamare jarrabawa a jihar Kaduna, aka sallami fiye da dubu 21. Ina da ja a kan yadda aka tafiyar da abin, na kuma tausaya wa iyalai da yawa, amma ranar babu wanda kwalinsa ya amsa masa tambaya. Ka riƙe kuɗinka, ka sayi fom da hannunka. In kuwa zuwa aji ne ba ka so, kasuwa a buɗe take, sana'o'in halal suna da yawa. Ka bar mana 'ya'yanmu.

Baba Malam, shekaruna 41, 'ya'yana huɗu, HND gare ni a fannin Akanta. Ina son koyarwa amma ina jin na makara, kuma gabana yana faɗuwa in na tuna tsayuwa gaban aji. Ina kuma tsoron a tura ni gwaji nesa da gida. Daga wata uwa a Funtuwa.

'Yata, kwantar da hankalinki, ba ki makara ba. Azuzuwan PGDE cike suke da sa'anninki da waɗanda suka girme ki. Makarantu da yawa suna karɓar mai HND, sai dai kowace da matakin sakamakon da take nema, don haka duba wannan kafin ki sayi fom. Akwai kuma PDE, wata difilomar koyarwa da wasu kwalejojin ilimi ke yi, ita ma TRCN tana karɓarta, in wadda ke kusa da ke tana da izini. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 na aiki, a inda aka fara aiki da ita. Abu ɗaya zan gaya miki tsakani da Allah: difiloma ba takardar ɗaukar aiki ba ce, kuma wasu jihohi suna sa iyakar shekaru in za su ɗauki ma'aikata. Ki sa makarantun kuɗi da na Islamiyya masu boko a lissafinki, malamar Akanta da Kasuwanci ba ta rasa wuri.

Maganar nisa, a wurare da dama ana ba ɗalibi takarda ya kai makarantar da ya zaɓa, shugabanta ya sa hannu cewa ya karɓe shi. Tun yanzu ki je makarantu biyu ko uku da za ki iya kaiwa da ƙafa ko a Keke Napep ɗaya, ki gaisa da shugabanninsu. Ki zaɓi wadda ake koyar da darasinki kuma akwai tsohuwar malama da za ta riƙa zama bayan aji tana gyara miki. Ki tabbata makonnin gwajin ba su faɗa cikin hutu ko makon jarrabawa ba.

Faɗuwar gaba kuwa, ina son ɗalibin da ke da ita. Na taɓa duba wata baiwar Allah mai kamar shekarunki. Zuwana na farko alli sau uku yana karyewa a hannunta, muryarta ba ta wuce layi na biyu. Da na koma bayan mako uku, na same ta da sandar rake ta yanka gida takwas tana koyar da kason lissafi, yara suna rige-rigen ɗaga hannu. Wadda ta yi renon huɗu ta riga ta san rabin aikin. Ki yi shawara da maigidan kan wanda zai riƙe yara ranakun Asabar, sannan ki sayi fom. Allah Ya ba da sa'a.

Ina so in yi PGDE don in tafi koyarwa Ingila. An ce suna ɗaukar malaman Nijeriya. Daga Zariya.

A Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya ƙofar neman shaidar ƙwarewarta, QTS, amma a lokacin ga masu koyar da Lissafi, kimiyya da wasu harsuna a sakandare ne, masu rajistar TRCN da aikin koyarwa na zahiri bayan sun gama horo. Shaidar ba biza ba ce, ba kuma aiki ba ce. Sai wata makaranta ta ɗauke ka tukuna. A shafin gwamnatin Birtaniya ake nema kai tsaye, don haka duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya haɗa maka komai, ka wuce shi. Ba ka faɗa mini darasin da ka karanta ba. Sake rubuto mini da shi, da shekarar da ka gama.